Ƙwayar da Na Saya wa Hamma

Shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo Jalingo babu aiki, sai na sauka a gidan yayana a Nukkai. Hamma muke ce masa, kamar yadda ake kiran kowane babban wa a gidajenmu. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, kuma da sana'arsa ta walda ya kai ni jami'a. Rumfarsa tana bakin titi kafin a kai gada, a nan yake ƙera ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe. Dogon mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa. Ban taɓa ganin ya ɗaga wa wani hannu ba. Ko 'yarsa ce ta yi laifi, iyakarsa ya kira uwarta ya ce, "Ki yi mata magana," ya sa takalmi ya fita.

Na tarar da shi ba lafiya. Gaɓoɓin yatsunsa duk sun kumbura, hagu da dama, da wuyan hannu da gwiwoyi. Da safe ba ya iya dunƙule hannu, sai matarsa, wadda nake kira Adda, ta jiƙa tsumma a ruwan zafi ta yi ta gasa masa har rana ta ɗaga. Ita take saka masa maɓallin riga. An ce sanyin ƙashi ne. Ya sha jiƙe-jiƙe, an yi masa ƙaho, an yi masa tsaga a gwiwa, babu sauƙi. Aikin mutane ya taru a rumfa, shi kuwa yana zaune a kan benci yana kallon ƙarafa.

Ni kuma ilimin sinadaran jiki na karanta, kuma a lokacin ina ji da kaina. Na kama hannunsa na juya, na ce, "Hamma, wannan ba sanyi ba ne. Garkuwar jikinka ce ta rikice. Ita da ya kamata ta yaƙi cuta, ta koma tana cin gaɓoɓinka."

Ya ce, "To a yi mata yaya?"

Na ce, "A kwantar da ita. Akwai magani."

A wannan ban yi kuskure ba, cutar ke nan. Kuskurena yana cikin abin da na yi bayan haka. Maimakon in ce mu tafi asibiti, sai na taka zuwa kemis na sayo masa wata ƙaramar farar ƙwaya, cikin irin waɗanda ake kira sitiroyid. Na ce ya riƙa shan biyu kowace safiya. Ban faɗa masa ranar dainawa ba, ban faɗa masa kada ya ƙara ba. Abin da na sani game da ƙwayar bai wuce abin da na haddace don jarrabawa ba.

Kwana uku hannun Hamma ya buɗe. Ran na huɗu na ji ƙarar injin walda daga rumfa. Da na je ya ɗaga mini hannu yana murza yatsu yana dariya, ya ce wa mutanen da ke zaune, "Ku ga ƙanena. Abin da aka yi shekara ana nema, ya gama da shi a kwana uku." Har yau ina jin kunyar daɗin da na ji a ranar.

Ba a daɗe ba na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a cikin gari. Ina fita da sassafe, ba na dawowa sai la'asar. Na manta da batun ƙwaya gaba ɗaya. Ashe Hamma ya ɗauki kwalin ya koma kemis da kansa. Duk ranar da ciwo ya motsa sai ya ƙara ɗaya, ya ƙara biyu, mai kemis kuwa ba ya tambaya.

Da farko abin ya yi kama da alheri. Fuskarsa ta cika ta yi zagaye, ya yi tumbi, yana cin tuwo malmala huɗu ya nemi ƙari. Mutane suna ce masa, "Maigida, hankali ya kwanta ke nan." Sai surutu ya zo. Mutumin da ba ya haɗa jimla uku, ya koma yana tare mutane a hanya yana ba su labarin masana'antar da zai buɗe, wadda za ta riƙa kai ƙofofi har Kamaru. Adda ta ja ni gefe ta ce ya daina barci, kuma abu kaɗan ke harzuƙa shi. Na ce mata gajiya ce.

Wata Asabar da rana muna zaune a tsakar gida ni da shi, Adda ta kawo tuwon masara da miyar kuɓewa. Ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya tofar.

"Me kika zuba a ciki?"

"A cikin me, Baban yarinya?"

"Kin san abin da nake nufi. Wa ya ba ki? Wa ya aiko ki?"

Ta yi murmushi don ta zaci wasa ne. Murmushin nan ne ya tashe shi. Ya ɗauki kwanon miyar da zafinta ya watsa mata a ƙirji. Kafin ta gama ihu ya riga ya kai bakin murhu ya ɗauko muciya. Bugun farko ya same ta a kunnen hagu, ta faɗi a kan turmi. Ya ci gaba da dukanta a kwance, a baya, a hannu, duk inda muciyar ta faɗa. Na yi tsaye da tuwo a hannuna, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ban motsa ba. Da na farga na rungume shi ta baya, sai ya yi baya da kansa ya buga mini ƙeya a baki. Na ji wani abu ya ɓare. Na tofa jini, haƙora biyu suka biyo.

Maƙwabciyarmu ce ta cece ta, wata mata 'yar Mumuye mai sayar da doya, katangarmu ɗaya. Ta shigo da gudu da zani a ƙirji, ta faɗa kan Adda ta rufe ta da jikinta, tana cewa, "Kashe ni, kashe ni tukuna!" Hamma ya tsaya da muciya a sama yana huci. Ya dube ta, ya dube ni, ya jefar da muciyar, ya wanke hannu a buta kamar wanda ya gama cin abinci, ya fita rumfa.

Matar tana share wa Adda jinin kunne ta ce mini, da Hausarta irin ta kasuwa, "Wannan ba ɗan'uwan ka ba ne. Shekara goma ina nan, ban ji muryan shi ba. Wani abu ya shiga shi."

A ranar 'yan'uwan Adda suka zo suka tafi da ita da yarinyar. Ƙanin mahaifinmu, Bappa, wanda shi ne babba a dangi, ya zo ya yi wa Hamma faɗa. Hamma ya yi kuka ya ce bai san abin da ya hau kansa ba. Muka ɗauka an wuce wurin.

Kwana tara bayan haka wani mutum ya zo daga Mutum Biyu karɓar ƙofar gida da ya ba da aiki. Ranar babu makaranta, ina rumfar. Mutumin ya auna ƙofar da igiya, ya ce a hankali, "Malam, kamar ta ɗan gaza faɗi."

Hamma ya ce, "Ɓarawo ka ce mini?"

"Subhanallahi, ban ce ba."

Hamma ya sunkuya ya ɗauki guntun bututun ƙarfe. Mutumin ya ɗaga hannu zai kare kansa, ƙarfen ya sauka a kafaɗarsa ta dama. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Ya durƙusa, Hamma ya ƙara masa a wuri ɗaya. Masu keke da masu shaguna suka yo kansa. Ya fasa wa ɗaya goshi, ya ciji wani a hannu har ya cire fata. Sai da mutum shida suka taru kafin aka kai shi ƙasa, ni ne na bakwai. Na hau ƙirjinsa na danne da gwiwa ana ɗaure ƙafafunsa da igiyar kaya. Ya tofa mini yawu a ido. Sai na dunƙule hannu na naushe shi a fuska. Na ƙara, na ƙara. An riga an ɗaure shi, babu abin da zai iya yi wa kowa, amma ban daina ba sai da wani dattijo ya riƙe mini hannu ya ce, "Ya isa, yayanka ne."

Aka kai mai ƙofa asibiti. Dattawan unguwa suka shiga tsakani da danginsa don kada magana ta yi nisa, Bappa ya yi alkawarin Hamma ba zai kwana a unguwar ba. Kowa ya yarda hauka ne ko iska. Ni ma na yarda. Bappa ya ce ya san wani mai maganin masu taɓin hankali a wani ƙauye bayan Sunkani. Da azahar muka saka Hamma a bayan mota a ɗaure muka tafi.

Gida ne mai faɗi a gindin dutse, an kewaye shi da zana. A ƙarƙashin wata doguwar rumfa akwai mutane kusan goma, kowa da mari a ƙafa, an haɗa da sarƙa a jikin gungumen itace. Mai maganin gajere ne mai fara'a, ya karɓe mu da ruwa. Yana da ƙarti biyu masu taya shi aiki. Ya dubi Hamma ya ce irin wannan mai taurin kai ne, sai an fara karya shi. Suka tuɓe masa riga, suka kifa shi a ƙasa. Mai maganin ya ce wani na jininsa ya riƙe ƙafafu. Bappa ya dube ni, na durƙusa na riƙe.

Dorina ce. Fatar Hamma ta yi laushi a watannin nan, ban san dalili ba a lokacin, don haka tun bugu na uku ta fara tsagewa. Mai maganin yana bugu yana tambaya, "Wane ne kai? Daga ina ka zo? Za ka fita ko ba za ka fita ba?" Hamma yana ihu yana kiran mahaifiyarmu da ta rasu. Jini yana fallatso mini a hannu. Can ya juyo da kai ya dube ni da kumburarren idon da na fasa masa, ya ce da muryarsa ta da, ƙasa-ƙasa, "Riƙe da kyau. Ai na ciyar da kai ka yi ƙarfi."

Bayan duka suka lulluɓe shi da bargo, suka tura kaskon garwashi da barkono a ciki. Na fita bayan zana na yi amai. Bappa ya ce shi zai zauna da shi, ni in koma gida.

Kwana huɗu ban je ba. A na biyar mai filin rumfar ya aiko a kwashe kayan aiki a kulle. Ina tattara wayoyin walda na jawo wani tsohon gwangwanin fenti daga ƙarƙashin benci. Cike yake da fankon katin magani, an danna an danna har baki. Na zazzage su a ƙasa. Duk iri ɗaya ne, ƙwayar da na saya masa. Ko da ido aka duba an san abin da ya sha ya ninka abin da na ce sau da yawa. A cikin wani kwali da ba a gama ba na samu 'yar takardar nan da ake naɗewa a ciki, wadda ban taɓa buɗewa ba. Na karanta ta a tsaye. Kumburin fuska. Yawan ci. Rashin barci. Laushin fata. Saurin fushi, zargin mutane, gushewar hankali. Kamar wanda ya zauna a gidanmu ne ya rubuta. A ƙasa kuma aka ce wanda ya daɗe yana sha kada ya daina lokaci ɗaya, domin jiki ya riga ya daina yin nasa irin sinadarin, kuma hakan yana iya kisa.

Kwana biyar ke nan Hamma bai sha ko ɗaya ba.

Mijin maƙwabciyarmu yana da tsohuwar akori-kura da yake ɗaukar doya. Na same shi yana sauke kaya, na faɗa masa. Bai tambaye ni komai ba, ya ce, "Shiga." Na koma rumfa na ɗauko babban almakashin da Hamma ke yanka rodi da shi.

Mun tarar da shi kwance a gefe cikin amai, ƙudaje sun rufe bayansa. Idonsa a buɗe amma ba ya bin kowa. Na taɓa wuyansa, jijiyar tana bugawa da sauri, siririya kamar zare. Bappa yana zaune a kan tabarma kusa da shi da carbi.

Mai maganin ya ce, "Alhamdu lillahi, ka zo a daidai. Tun shekaranjiya yake amayar da shi. Dubi yadda ya yi laushi."

Na ce, "Mutuwa yake yi. Buɗe marin."

Fara'arsa ta ɗauke. Ya ce ba a fitar da mutum a tsakiyar aiki, in aka fitar abin zai koma kan wanda ya fitar. Bappa ya miƙe ya ce, "Kai, ka shiga hankalinka. Ni na kawo shi."

"Bappa, ba iska ba ce. Magani ne. Ni na ba shi."

"Ka ba shi me?"

Ban tsaya bayani ba, na saka almakashin a sarƙa. Ɗaya daga cikin ƙartin ya shaƙe ni ta baya, ɗayan ya zuba mini dorina a fuska, ta tsaga mini kunci zuwa kunne. Mai akori-kura ya zaro sifanar taya daga ƙugunsa ya buga wa wanda ya shaƙe ni a gwiwar hannu, ya sake ni yana ihu. Mutanen da ke ɗaure suka ɗauki kururuwa, wasu suna dariya, wata mata tana ta cewa a yanke nata ma. Bappa ya kama almakashin yana ja, yana cewa in ji tsoron Allah. Na ture shi. Dattijo ne mai shekara saba'in da wani abu. Ya yi baya ya faɗi a kan gungumen, hularsa ta yi gefe. Wurin ya yi tsit na ɗan lokaci, domin ko ƙartin nan sun san abin da na yi ba ƙarami ba ne. A cikin shirun nan na danna almakashin da dukan nauyina, sarƙar ta tsinke. Muka ɗauki Hamma da marin a ƙafarsa muka shimfiɗa shi a bayan mota a kan buhunan wofi. Bappa bai biyo mu ba.

A asibiti wata likita ce ta karɓe mu, mace mai gajeren gashi, daga Hausarta na gane 'yar kudancin jihar ce. Na miƙa mata kwalin, na faɗa mata komai a jimla uku. Ta dubi bayan Hamma, ta dubi marin. Aka ɗaura masa ruwa, ta yi masa allurar irin maganin nan dai da ya haukata shi, domin a wannan sa'ar shi kaɗai zai riƙe ransa. Sai da jininsa da ya sauka ya dawo daidai ta kira ni waje.

"Wane ya rubuta mishi wannan magani?"

"Ni ne."

"Kai likita ne?"

"A'a. Sinadaran jiki na karanta."

Ta ce, "Ka san sunan cuta, ka san sunan magani, shi ke nan ka ɗauka ka gama. Da ka jinkirta kwana ɗaya, gawa za ka ɗauko." Ta sa aka ɗinke mini kunci, ta ce in zauna ina da aiki.

Mako uku Hamma ya yi a kwance a kan cikinsa. Raunukan bayansa suka ƙi warkewa da wuri, suka yi ruwa, saboda ƙwayar ta danne garkuwar jikinsa gaba ɗaya. Kowace safiya in ana wanke su sai an riƙe shi, kuma ni nake riƙewa. Likitar ta riƙa rage masa ƙwayar kaɗan-kaɗan, wata da watanni. Yayin da take raguwa hankalinsa yana dawowa, ciwon gaɓoɓin ma yana dawowa.

Sai ta ɗora shi a kan wani magani dabam, wanda ake sha sau ɗaya a mako. Ta zaunar da ni ta ce tunda na yi karatu in faɗa mata yadda yake aiki. Na sani a takarda. A cikin jiki akwai sinadarai da ake kira enzayim, kowanne da aikin da yake hanzartawa, in babu shi aikin ya tsaya. Ƙwayoyin garkuwar jiki ba sa iya hayayyafa su yi yawa sai da taimakon wasu daga cikinsu. Wannan magani yana toshe su ne, sai garkuwar ta rage ƙarfi ba tare da an taɓa ƙwaƙwalwa ba. Ta ce, "Daidai. Amma shi ma ba ruwan sha ba ne. Za a riƙa duba hanta da jini. Sau ɗaya a sati, ba kullum ba. In ya sha kullum zai mutu. Ka ji ko in sake faɗa?" Na ce na ji.

Hamma bai tuna komai daki-daki ba. Ya tuna muciya a hannunsa, bai tuna dalili ba. Ranar da na faɗa masa cewa ƙwayar ce, kuma laifina ne, sai ya ce, "Kai ka ce biyu. Ni na mai da su goma." Ba mu sake tayar da maganar ba. Naushin da na yi masa yana ɗaure kuwa, ban san ko ya tuna ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin tambaya ba.

Adda ta dawo bayan wata bakwai, da sharaɗin ita za ta riƙe maganin. Kunnenta na hagu ya mutu, akwai tabon ƙuna daga wuyanta zuwa ƙirji. Na durƙusa a gabanta na ce da yarenmu, "Adda, accanam hakke, ki yafe mini." Ta ce, "Na yafe. Amma ko ciwon kai 'yata ta yi, kada ka ba ta komai." Tana yi wa Hamma duk abin da ta saba, sai dai na lura ba ta ƙara zama ta ba shi baya ba. Bappa kuwa na je gaishe shi sau uku, yana amsa sallama ya juya fuska. Haka muka zauna har ya rasu.

Maganin mako-mako ya riƙe Hamma, amma yana karɓar nasa. Duk Talata in ya sha, ranar ta tafi ke nan: tashin zuciya, jiri, wani lokaci bakinsa ya yi gyambo ya kasa cin abinci. Na yi wa likitar ƙorafi. Ta ce enzayim ɗin da yake toshewa ba garkuwar jiki kaɗai ke amfani da shi ba, hanji da fatar baki ma suna buƙata. Akwai sababbin magunguna da suka fi shi saiti, amma ba su iso irinmu ba, kuma su ma da nasu aibin. Ta ce, "Kana son ka taɓa garkuwan mutum? To je ka koya da gaske."

Na nemi gurbin digiri na biyu na samu, daga nan na zarce. Aikin da nake yi ke nan yanzu, a wani ɗakin bincike nesa da gida. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani enzayim da ke kai saƙon tashi a yi faɗa. Yana da 'yan'uwa masu kama da shi sosai, waɗanda jiki ba ya iya rayuwa sai da su. Muna neman sinadarin da zai toshe shi kaɗai ya bar sauran. Mukan fara zana shi a kwamfuta, mu haɗa shi a kwalba, mu gwada a kan ƙwayoyin jini, wanda ya tsallake sai a kai shi kan ɓeraye. Yawancinsu a kwalba suke mutuwa. Akwai ɗaya da muka yi shekara biyu a kansa, ya sauke kumburin ƙafar ɓerayen sarai, muka yi ta murna. Mako shida suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ni na fede su, hantarsu ta yi fari ta ruɓe. Har yau babu abin da ya fito daga hannuna da ya kai bakin ɗan Adam, kuma mai yiwuwa in tsufa bai kai ba.

Bara da na zo hutu Hamma ya ce in raka shi Mutum Biyu. Ya daɗe yana aika wa mai ƙofar nan saƙo ba amsa. Muka same shi a ƙofar gidansa ana auna masa shinkafa daga gona. Ya gane mu tun daga nesa. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa. Hamma ya cire hula ya ba shi haƙuri. Ni kuma na yi masa bayanin ƙwayar, da yadda take juya hankali, da cewa ni na fara sayo ta. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

Sai ya ce, "Na ji. Ku duba nan." Ya yi ƙoƙarin ɗaga hannun dama, ya tsaya daidai ƙirji yana rawa. "Iyakarsa ke nan. Da hagu nake cin abinci kamar wanda ba a yi wa tarbiyya ba. Ban kai ku ƙara ba, ba kuma zan kai ba. Amma kada ku nemi in faɗi abin da babu shi a zuciyata. In yafiyar ta zo, zan aiko."

Hamma ya ce, "Ka yi gaskiya." Ya mai da hularsa. Muka yi sallama, mutumin ya raka mu har bakin hanya. A mota, da muka hango duwatsun Jalingo, Hamma ya ce wa direba ya sauke shi a rumfar da ya sake buɗewa, akwai tagar wani da ya yi alkawarin gamawa kafin magariba.